Zakin Gindin Mangwaro

A Barnawa, bayan gidanmu, gindin mangwaro,
shekara goma sha tara tana tsugune kan bulo huɗu.
Kaji sun mai da kujerar baya akurki,
gizo ya yi saƙa daga sitiyari zuwa madubi,
amma zakin nan da ke hancinta
bai sauke ƙafa ba, bai huta.

Fijo ce, fara, launin kindirmo.
Babana Jatau shi ya ɗaura mata ƙofofi
a kamfanin Kakuri, zamanin da jiniyar masaƙa
ke riga zakara tada gari.
Albashin shekara shida ya tara ya fanshe ta.
Yakan ce, yana shafa rufinta,
"Ni na yanke wa wannan cibi, na san kukanta."

Mu bakwai muke shiga, har da buhun doya,
har da akuyar Goggo Kande a but tana tsine mana.
Hanyar Kachiya da damina, taɓo har gwiwa,
manyan motoci sun kafe, mu muna wucewa.
In ta yi gardama da asuba, yaran layi su fito turi,
ladansu zagaye ɗaya a cikinta.

Sai Baba ya kwanta. Sai ita ma ta kwanta.

Bara wani dattijo ya yi sallama, Lamiɗo Bappa,
daga Unguwar Rimi, mai tara tsofaffin ƙarafa.
Ya kai ni rumfarsa, ya yaye tamfol ɗaya ɗaya:
ga Marsandi mai fitila a tsaye kamar idon mamaki,
ga kunkuru mai inji a baya,
ga Landirobar da ta bi layin dogo tun kafin a haife ni.
Ya ce, "Na yanzu gwangwani ne, yaro,
in sun yi ciwo sai na'ura ta tambaye su.
Waɗannan kuwa da baki suke faɗa maka,
kunne kawai ake so da haƙurin sauraro.
Faɗi kuɗin taka." Na ce, "Bari in ji muryarta."

Wata uku ina sintiri Panteka,
ina tonon tsibin ƙarfe kamar mai neman allura.
Kafireta a wajen Inyamuri Obiora,
fitilar hagu a wajen wani ɗan Bida,
sauran kuwa Baba Shekarau ya ƙera da guduma,
tsohon da ba ya gani sosai,
sai ya kara sukundireba a kunne, ya ji zuciyarta.

Ranar wata Laraba ta yi tari.
Ta sake tari, ta tofar da baƙin hayaƙi,
kaji suka watse, Inna ta fito da ludayi a hannu,
ta tsaya, ba ta ce komai ba,
ta koma ɗaki ta rufe ƙofarta.

A aljihun gaba na sami rasit ɗin mai,
naira huɗu, tanki cike,
da ɓarin goro ya bushe ya zama dutse,
da shatin haƙorin Baba a gefensa.

Lamiɗo ya dawo da jaka. Na ce a'a.
Bai yi ciniki ba. Ya ce, "To ɗauke ni zuwa Kawo."
Ya zauna baya, ya lumshe ido, yana shaƙar ledar kujera.
A kan gada ya ce, "Irinta ubana ya ja, tasi,
ni ke wanke ta kafin in tafi makaranta."

Masu Keke suna ta hon, mun tare musu hanya.
Wani tsoho mai sayar da rake ya miƙe ya sara mana.
Kogi na tafiya a ƙasa, ba ya sauri,
mu ma haka, giya ta biyu,
hannuna a inda hannun Baba ya cinye fentinta.